Ƙera Mahaɗin Injin Huji da Na'urar Ɗab'i Mai Fuska Uku: Darasi ga Masu Sana'a a Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake ƙera mahaɗi, wato adafta, na injin huji ta hanyar amfani da ƙaramar na'urar ɗab'i mai fuska uku, irin wadda ake ajiyewa a gida ko a shago. An duba nau'i biyu: mahaɗin juyi, wanda ke sada bakin injin da wani kayan aiki, da mahaɗin batir, wanda ke ba injin damar aiki da batirin wani kamfani dabam. An bi hanyar lissafi da bayanin halayen roba, tare da la'akari da yanayin zafi na jihar Kebbi. Maƙalar ta nuna cewa aikin roba shi ne riƙe siffa, ɗaukar nauyi kuwa aikin ƙarfe ne, kuma duk mahaɗin da ya saɓa wa wannan rabo yana iya karyewa a hannun mai shi ko ya lalata masa batir.

Fitilun Kalmomi: injin huji, mahaɗi, zaren roba, ƙarfin juyi, batir

1.0 Gabatarwa

Garin Jega mahaɗar hanyoyi ne, inda titin Sakkwato ya gamu da na Birnin Kebbi da na Yawuri. Daga kasuwarsa ne kafintoci da masu walda da masu gyaran injin ban-ruwa na Aliero da Maiyama, da na ƙauyuka irin su Birnin Malam, kan sami yawancin kayan aikinsu. Daga cikin kayan nan akwai injin huji mai batir, wanda sau da yawa yakan zo a matsayin na hannu, an riga an yi aiki da shi a wata ƙasa. Matsalar da aka saba gani ita ce, injin na nan lafiya amma batirinsa ya mutu, wanda ke kasuwa kuma na wani kamfani ne, bakinsa bai shiga. Wani lokaci kuma mai sana'a na son ya dama fenti ko ya juya injin niƙa na hannu da injin hujin, amma babu abin da zai sada su.

Irin wannan ɗan ƙaramin abu, wanda ake buƙatar guda ɗaya tak a kan wani awo na musamman, ba masana'antar da za ta ƙera shi. Nan ne na'urar ɗab'i mai fuska uku take da amfani. Sai dai kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya shafi idon mai aiki da wuyan hannunsa da kuma jarinsa.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Fasahar narka zaren roba a gina abu da shi ta samo asali ne daga Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys a Amurka a 1989. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath da ke Ingila ya fara shirin RepRap, ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. Da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009, sai farashi ya faɗi, har aka sami na'urori masu sauƙin kuɗi kamar Ender-3 ta kamfanin Creality, wadda ke iya gina abu mai faɗin milimita 220 da tsayin milimita 250.

Na'urar kan ja zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narka shi, ta fitar da shi ta wani ɗan hanci mai ramin milimita 0.4, tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kimanin milimita 0.2. Abin ya yi kama da ginin tukunya, inda mai ginin ke ɗora murɗaɗɗen yumɓu a kan ɗan'uwansa. Kamar yadda tukunya ta fi saurin tsagewa a inda hawa ya haɗu da hawa, haka abin da aka buga da roba ya fi rauni a tsakanin shimfiɗu. Wannan shi ne abu na farko da ya wajaba mai ƙira ya riƙe.

3.0 Zaɓen Roba a Ƙasar Zafi

Zaren da aka fi sayarwa, kuma ya fi sauƙin bugawa, shi ne PLA. Yana narkewa a tsakanin digiri 190 da 220 a ma'aunin Salshiyos, amma tun daga kusan digiri 60 yake fara laushi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin inuwa a Kebbi kan haura digiri 40. Kayan aikin da aka bari a rana, ko cikin akwatin ƙarfe, ko cikin motar da aka rufe, na iya kusantar wancan mataki tun ba a kunna injin ba. Idan aka ƙara da zafin da injin da kansa ke fitarwa, mahaɗin PLA zai lanƙwashe, ramukansa su buɗe. Saboda haka ya dace a taƙaita shi ga bugun gwaji kawai.

PETG kuwa yana jurewa har kusan digiri 80, shimfiɗunsa na kama juna sosai, kuma yakan ɗan lanƙwasa kafin ya karye. Shi ya fi dacewa da yawancin mahaɗai a wannan yanki. ABS na kaiwa kusan digiri 100, amma yana buƙatar na'ura mai rufi, don iskar hunturu na sa shi tsukewa ya ɗaga daga faranti, kuma hayaƙinsa na buƙatar ɗaki mai iska. Da damina zaren PETG na shan laima, sai a ji yana tartsatsi a hancin na'ura, aikin ya fito da rauni. Maganin haka shi ne adana shi cikin mazubi mai murfi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, don tana bin zaren ta toshe hancin.

4.0 Mahaɗin Juyi

4.1 Dalilin da Ya Sa Roba Ba Ta Shiga Bakin Inji

Bakin injin huji yana da haƙora uku na ƙarfe, kuma iyakar buɗewarsa milimita 10 ko 13. Matsakaicin inji mai volt 18 na iya ba da ƙarfin juyi na Newton-mita 40 ko fiye. Damuwar da sanda ke sha idan ana murɗa ta ana samun ta ne ta ninka ƙarfin juyi sau 16, a raba da 3.14, a sake rabawa da kaurin sandar da aka ninka da kansa sau uku. Idan aka sa sandar roba mai kaurin milimita 13, wato mafi kaurin da bakin zai karɓa, aka murɗa ta da Newton-mita 40, lissafin zai ba da kusan megafaskal 93. Ƙarfin PLA da PETG kuwa yana tsakanin megafaskal 50 da 60 ne, kafin ma a cire raunin shimfiɗu. Sanda mai milimita 8 ta fi muni: Newton-mita 10 kacal sun isa su kai ta kusan megafaskal 100. Ke nan babu wata dabarar zane da za ta ceci sandar roba a bakin inji.

Wannan lissafi yana da wata fuska mai daɗi. Idan aka ninka kaurin sanda sau biyu, ƙarfinta na jure murɗa kan ninku sau takwas. Roba na iya aiki, muddin an ba ta kauri a inda fili ya samu, wato nesa da bakin injin.

4.2 Darasin Ƙota

Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da warware irin wannan matsala a jikin fartanya da gatari. Ruwan ƙarfe ne ke shiga ƙasa ko itace, ƙota kuwa riƙo take yi. Masassaƙi kan bar kan ƙota da kauri a daidai inda tsinin ƙarfen zai shiga, kuma yakan bi tsawon itacen, ba ya yanke shi a kwance. Haka ya kamata mahaɗi ya kasance. Abin da zai shiga bakin inji ya zama namijin noti na ƙarfe, misali M8, wanda kaurinsa milimita 8 ne, kansa mai kusurwa shida kuma milimita 13. Roba ta zama ƙota, ta rungume kan notin, ta kuma ɗauki siffar abin da ake son juyawa.

Idan aikin mai nauyi ne, kan noti kaɗai bai isa ba, domin a Newton-mita 40 yana tura robar da ke kewaye da shi da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 600. A nan sai a nemi mai walda ya liƙa wani guntun ƙarfe mai tsawon milimita 50 a gicciye a kan notin. Da wannan gicciyen, turin da ke kan robar zai sauko zuwa kimanin kilo 160, kuma ya bazu a wuri mai faɗi.

4.3 Matakan Ƙira

Da farko a auna komai da ma'aunin kauri mai muƙamuƙi, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tef na kafinta bai isa ba. Na biyu, a zana mahaɗin a kwamfuta da manhaja irin su FreeCAD ko Tinkercad, a ƙara milimita 0.2 a kowane rami, wato gurbin kan noti ya zama 13.2, domin roba kan tsuke idan ta huce. Na uku, a fara buga ɗan siririn zobe mai ɗauke da ramin kaɗai, a gwada shi. Mintuna kaɗan da zare kaɗan sun fi asarar sa'o'i. Na huɗu, a manhajar yanka zane kamar Cura, a sa bango ya kai layi 5 ko 6, domin murɗa ta fi cin bayan abu fiye da cikinsa. Na biyar, a ratsa notin tun daga wannan gefe har wancan, a ɗaure da macen noti da wasa, ta yadda ƙarfen zai matse shimfiɗun wuri guda.

Wajen gwaji, a fara da giya ta ɗaya, a sassauta zoben da ke sa injin ya zame idan aiki ya cije, a sa tabarau, a riƙe injin da hannu biyu. Haramun ne ga mai hankali ya ɗaura wa mahaɗin roba faifan yanka, ko dutsen wasa wuƙa, ko zarto.

5.0 Mahaɗin Batir

A cikin batirin volt 18 akwai ƙwayoyin litiyom 5 a jere, kowace volt 3.6. Abin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne yake sayarwa a Turai da sunan volt 18. Bambancin na suna ne. Don haka batirin Makita ko Bosch ko DeWalt na wannan aji ƙarfinsu ɗaya, siffar baki da tsarin kariya ne suka bambanta. Roba za ta iya magance siffa, amma ba ta san komai game da kariya ba.

Ƙwayar litiyom na lalacewa idan aka zuƙe ta ƙasa da kimanin volt 2.5. Wasu kamfanoni sun sa na'urar da ke yanke wuta a cikin batir, wasu kuma a cikin injin. Idan aka haɗa batirin da ya dogara da injinsa da injin da ya dogara da batirinsa, babu mai tsaron ɗaya, sai a wayi gari batirin ya ƙi karɓar caji. Rigakafi shi ne a sa ɗan allon yanke wuta a cikin mahaɗin, a saita shi a volt 15, wato volt 3 ga kowace ƙwaya.

Abu na biyu shi ne zafi. Injin da ke huda ƙarfe na iya jan amfiya 20. Idan haƙorin da ke taɓa batir ya yi sako-sako har turjiyarsa ta kai om 0.02, zafin da zai taru a wurin shi ne 20 sau 20 sau 0.02, wato wat 8, a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Wannan ya isa ya narka robar da ke riƙe da shi, wayoyi su haɗu. Saboda haka a yi amfani da haƙoran tagulla masu kauri, da waya da ba ta gaza murabba'in milimita 2.5 ba, da fis a ɓangaren da ke ɗauke da alamar tarawa. A tabbatar da kowane ɓangare da mita kafin a sa injin. Kada a taɓa yin caji ta cikin mahaɗi, kuma a zare batir da zarar an tashi daga aiki.

6.0 Wutar Lantarki da Rabon Aiki

Buga mahaɗi ɗaya kan ɗauki sa'o'i, ɗaukewar wuta a tsakiya kuma na barin tabo mai rauni ko da na'urar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ƙaramar na'ura ba ta wuce wat 350 ko a lokacin da take ɗumama faranti, don haka sola da inbata na matsakaicin shago za su ɗauke ta. Ba lallai ne kowane kafinta ya mallaki tasa ba. Na'ura ɗaya a Jega na iya yi wa masu sana'a da yawa aiki, kamar yadda injin walda ɗaya ke yi wa unguwa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, suna da ɗaliban injiniya da suka san zane a kwamfuta. Masu sana'a kuwa su suka san inda kayan aiki ke karyewa. Haɗa waɗannan ilimai biyu zai amfani kowa, kuma zai taimaka wajen daidaita kalmomin Hausa na wannan fanni, waɗanda aka gwada wasu daga cikinsu a nan.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mahaɗin da aka buga a gida na iya dawo da injin da aka jingine bakin aiki, ya kuma faɗaɗa amfaninsa. Sharuɗɗan su ne: ƙarfe ya shiga bakin inji, roba ta sami kauri, a guji PLA saboda zafin yankin, batir kuma ya sami abin yanke wuta da fis. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Mahaɗin da aka yi cikin gaggawa don gudun sayen batir ɗaya yana iya cinye batirin da injin gaba ɗaya, alhali wanda aka auna, aka gwada, aka sa masa ƙarfe a inda ya dace, zai daɗe yana aiki a shago.