DARASI: Na'ura za ta ƙwace aikin maƙeran kwano?

'Yan'uwa, duk lokacin da muka zauna zaɓen sana'ar da za a sa matasa su koya, iyaye sukan yi mana tambaya ɗaya: yaron da ya shekara uku ko huɗu yana koyon yankan kwano da naɗe shi, zai sami abinci a ciki nan da shekara ashirin? Tambaya ce mai nauyi, domin shekarun da yaro ya kashe a shago ba sa dawowa. Bari mu duba ta tare.

A shekarar 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford a Ingila, Frey da Osborne, suka auna sana'o'i 702 na ƙasar Amurka don su ga waɗanda na'ura za ta iya karɓa. Suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan ƙasar suna cikin babban haɗari. Masu aikin fallen ƙarfe an ba su maki 82 cikin 100. Wannan adadi yana tsoratarwa, amma mu lura da abin da ya auna: ko na'ura za ta iya yin aikin. Bai auna ko akwai mai kuɗin sayenta ba, balle wutar da za ta juya ta. A 2016 ƙungiyar OECD ta sake lissafi, ta rarraba kowace sana'a zuwa ƙananan ayyukan da ke cikinta, sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi 9 cikin 100 a ƙasashe 21.

Mu ma mu rarraba tamu. Maƙerin kwano yana yin awo, ya zana, ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa da walda ko dalma, sa'an nan ya je ya kafa. Yanka da lanƙwasa su ne na'ura ta fi ƙwarewa a kai. Injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC, yana bin zane ya yanke ƙarfe da wuta, guda ɗari su fito iri ɗaya ba bambanci. Almakashi da kurfi ba za su kamo shi ba. Amma injin ba ya hawa rufin da ke yoyo, ba ya auna ƙofar da magini ya bari a karkace, ba kuma zai dubi tsohuwar ganga ya ga murhu biyu da kaskon suya a jikinta ba. A Panteka ta Kaduna, ko kasuwar Katako ta Yamai, yawancin aikin irin wannan ne: kaya ɗaya ɗaya, daga ƙarfen da aka riga aka yi amfani da shi.

Ga kuma batun wuta. An cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, a watan Afrilu 2024 kuma aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A. Mai ƙaramin shago ba zai ci bashi ya sayi injin da zai wuni a kashe ba.

Duk da haka kada mu kwanta. Ba sai na'ura ta shigo shagonmu kafin ta taɓa mu ba. Kayan da ta yi ne suke zuwa kasuwa. Ina bokitin ƙarfe da butar gwangwani? Roba ta kore su, kuma inji ne yake fitar da robar dubu dubu. Dogon kwanon rufi ma inji ne yake naɗe shi daidai tsawon ɗaki. A manyan birane, adon ƙyauren gida yanzu wurin mai inji ake kai shi a yanka, maƙeri ya karɓo ya haɗa. Maigida bai rasa aiki ba a nan. Yaron shago ne abin ya shafa, domin yankan da a dā yake koyon hannu da shi ya koma wani wuri. A ganinmu wannan ya fi maki 82 ɗin nan zama abin damuwa.

Saboda haka, idan za mu kai yaro koyo, mu tambayi maigidan ko yana fita aikin kafawa da gyara, ko kuwa kaya iri ɗaya yake bugawa shekara da shekaru. Mu tabbata yaron ya iya karanta tef da milimita, ya iya lissafin kwanon da aiki zai ci, ya kuma iya karanta zane. Wanda ya iya waɗannan shi ne mai inji zai nema ya ba inji umarni. Kada a cire shi daga makaranta kafin ya iya lissafi. In ya gama, a nema masa takardar shaida. Hukumar NBTE, mai hedkwata a Kaduna, tana kula da tsarin NSQ wanda yake amincewa da gwanintar da aka koya a shago, ba a aji kaɗai ba.

Aiki don ƙungiya: kafin taro na gaba, mutum biyu su ziyarci maƙeran kwano na kasuwarku. Su tambaye su kayan da suka daina yi cikin shekara goma da suka wuce, da sabon kayan da ake nema yanzu, su rubuto su kawo.