Shin Wufa Tana da Alƙibla? Darasi Daga Filin Biki

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan ɗan nazari zan ɗauko wata tambaya da masu hayar kayan sauti suke musu a kanta a garinmu Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Tambayar ita ce, shin babbar sifikar nan mai gurnani, wadda ake kira wufa, dole ne ta fuskanci jama'a? Kada mai karatu ya ce wannan aikin injiniyoyi ne. Amsar ta shafi ilimin furuci da muke karanta a aji.

Yadda Sauti Yake Tafiya

Sauti girgiza ce da iska take ɗauka, ana kuma auna yawanta a daƙiƙa ɗaya da Hz, daga sunan masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan da yawan girgizar, sai a sami tsawon igiyar sautin. Gurnani mai 50 Hz igiyarsa ta kai kusan mita 7, amma siririn sauti mai 5,000 Hz igiyarsa santimita 7 ce kacal.

A nan asirin yake. Sifika ba ta iya harba sauti gaba sai idan girmanta ya kusanci tsawon igiyar ko ya fi shi. Bakin babbar wufa inci 18 ne, wato bai kai rabin mita ba. Ina rabin mita ina mita 7? Saboda haka gurnanin yakan zagaye akwatin ya bazu gaba da baya da gefe, kamar ruwan da aka kwarara a tsakar gida. Wufa guda ɗaya dai kusan ba ta da alƙibla, shi ya sa maƙwabtan da suke bayan rumfar biki suke kwana da bugun a ƙirjinsu.

Sai dai idan akwatunan sun kai biyu, labari ya sake. In aka ajiye ɗaya dama ɗaya hagu, igiyoyinsu sukan haɗu su yi ƙarfi a tsakiyar fili, su kuma kashe juna a wasu wurare. Ni a ganina gara a tara su wuri guda a tsakiya. Ƙwararru ma sukan juya akwati ɗaya baya, su jinkirta sautinsa kaɗan da na'ura, su kifar da bugunsa, sai gurnanin ya ragu a baya ya tafi gaba. Ke nan alƙiblar ƙirƙiro ta ake yi.

Abin da Ya Shafe Mu

Wanda ya karanta Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na M.A.Z. Sani ya san zuzau da karin sauti. Karin sauti yana tafiya ne da kaurin murya, wanda a bakin namiji babba yake tsakanin 85 da 180 Hz. Su kuwa zuzau irin su /s/ da /sh/ ƙarfinsu yana can sama, a dubban Hz. Ƙananan sifikun da ake ɗorawa a kan sanda su suke ɗaukar magana, kuma siririn sautinsu gaba kawai yake nufa.

To, mu gwada. Ɗalibi ya tsaya bayan sifikun a lokacin da sanƙira yake shela. Zai iya bambance kuka na hawaye da kuka ta miya, domin karin ya zagayo ya same shi. Amma sa na garke da sha na ruwa, waɗanda karinsu ɗaya ne, wato faɗau, za su iya rikice masa, saboda abin da ya raba su ya wuce gaba ya bar shi.

Don haka duk wanda aka ba aikin naɗo waƙar baka ko jawabi a fili domin kundin digiri, ya tsaya a gaban ƙananan sifikun, ya kuma nisanci wufa, don gurnaninta yakan cika rikoda ya danne baƙaƙen da zai zo ya rubuta.