Darasi: "Da Sauƙi" a Bakin Mai Fuka

Na taɓa yi wa maƙwabciyata mai fuka, wato asma, tafinta a asibiti. Da ta ce "da sauƙi", na fassara cewa ciwon ya lafa. Ashe amsar gaisuwa ce kurum.

Sai likita ya koma ga ƙirga. Numfashi kan sarƙe mata fiye da sau 2 a mako? Tari kan tashe ta da dare? Tana shaƙar maganinta kullum bisa ƙa'ida? Duk ta ce e. Wannan na iya zama fuka mai tsanani, wadda ake ƙara wa magani, kamar tiotropium na shaƙa ko allurar omalizumab.

'Yan'uwa ɗalibai, idan mara lafiya ya ce "da sauƙi", mu tambaya: sau nawa?