Gwajin Yaron da Ke Karatu a Gida: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Iyaye na Zongon Sokodé da na Dapaong, duk wanda ɗansa ke koyon boko a gida, ko don allo ya riƙe shi, ko don rashin tsaron da ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes tun 2022 ya raba shi da lakwal, wajibi ne ya auna shi. Kada ku tsaya kan "ai yana ƙoƙari". Son ɗa yana rufe ido.

Ku san inda aka dosa. Firamare aji shida ce, daga CP1 zuwa CM2, ƙarshenta jarrabawar CEPD. Bayan shekara huɗu sai BEPC.

Ku samo takardun jarrabawar shekarun baya. Ku zaunar da yaro shi kaɗai, da agogo a gabansa, babu yayansa ko yayarsa a gefe. Ku kai wa wani malami ya duba, ba wanda ke koya masa ba. Ku yi haka sau uku a shekara, ku rubuta makin a littafi guda.

Kada ku fassara masa tambaya da Hausa, ko Kotokoli, ko Moba. Nan ne iyaye suka fi cutar 'ya'yansu da sunan tausayi. Da Faransanci za a tambaye shi, kuma ranar ba kwa ɗakin. Yarinyar da ke ba da canji daidai a kasuwa tana iya faɗuwa lissafi don kawai ba ta gane abin da aka tambaya ba. Idan haka ta faru, karatu da dikte za a ƙara mata.

Kada ku sa shi haddace amsoshi. Hadda tana da muhallinta. Ku sauya lambobin, ku ga ko zai fita.

Kada ku ɗaga bulala don maki ya yi ƙasa. Makin yana nuna aikin mai koyarwa ma, ku fara bincike daga can.

Kada ku gwada maza ku bar mata.

Sannan takardar haihuwa: in babu ita, babu zaman CEPD. Wanda ba a yi wa ba tun yana jariri, sai an bi ta kotu, kuma abin yana cin lokaci. Ku je ofishin sufeton makarantun firamare tun farkon shekarar karatu, ku tambayi yadda ake rajistar yaron da ba ya lakwal. Kada ku jira sai an rufe.