Yadda Za Ka Haɗa Wayar Tebur Ta IP A Ofis, Ka Kuma Yi Aiki Da Ita

Tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, wayar tebur ta NITEL ta fara ja da baya, har ta kai da yawa cikinmu ba su taɓa ɗaga kanta ba. To wayar tebur ta dawo da sabon salo. Yanzu ba ta bin wayar tangaraho, kebul ɗin kwamfuta take bi, shi ya sa ake kiranta wayar IP. A darasin yau za mu ga yadda ake haɗa ta, domin aiki ne da matashi zai iya koya ya ci abinci da shi a makarantu, asibitoci da ofisoshin 'yan kasuwa.

Abin da za ka fara fahimta

Kiran cikin gida ba ya cin kati, ba ya cin data. Mu ɗauka akwai dillalin taki da iri a garin Minjibir mai ɗakuna huɗu: wurin karɓar baƙi, ofishin akanta, sito da ofishin maigida. Idan kowane ɗaki yana da wayarsa, akanta zai kira sito sau hamsin a rana ba a kashe ko sisi ba, ko da sabis ɗin MTN da Airtel ya ɗauke. Muryar ba ta fita daga ginin. Abin da kawai ba ta iya yi ba tare da shi ba shi ne wuta. Don haka kafin ka yi lissafin wayoyi, fara da lissafin wuta.

Kayan da ake buƙata

1. Wayoyin IP. Waɗanda aka fi samu su ne Yealink, Grandstream da Fanvil.
2. Na'urar raba kira, wato PBX. Ita ce ke ba kowace waya lambarta. Za ka iya sayen ƙaramar akwatin Grandstream UCM, ko ka ɗora FreePBX kan tsohuwar kwamfuta. FreePBX kyauta ce, kuma tana tafiya ne kan Asterisk, manhajar da Mark Spencer ya ƙirƙiro a 1999.
3. Suwic mai PoE, wanda ke tura wuta da bayanai ta kebul ɗaya.
4. Kebul Cat5e ko Cat6. Kada tsawon ɗaya ya wuce mita 100.
5. Rawuta, da inbata ko sola.

Kula wajen saye: a Yealink, T31P na karɓar wuta ta kebul, T31 kuwa sai da caja. Harafin P ɗin nan shi ne bambancin. Amfanin PoE a wurin da wutar KEDCO ba ta da tabbas shi ne, suwic, rawuta da PBX kawai za ka jona wa inbata, su kuma su riƙe duka wayoyin. Ƙaramar waya ba ta wuce wat 4 zuwa 7.

Matakan haɗawa

Mataki na 1: A cikin PBX, buɗe wa kowane ɗaki lambar ciki: 101 ta masu karɓar baƙi, 102 akanta, 103 sito, 104 maigida. Kowace lamba ka ba ta kalmar sirri mai tsawo, daban da ta 'yar uwarta. Ita kanta PBX ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, misali 192.168.1.10.

Mataki na 2: Juya bayan wayar, za ka ga ramukan kebul biyu. Mai rubutun Internet ko LAN shi ne na suwic. Mai rubutun PC na kwamfutar teburin ne, idan kana so ta samu intanet ta cikin wayar.

Mataki na 3: Idan ta gama tashi, nemo adireshin IP ɗinta. A Yealink maɓallin OK za ka danna, a sauran kuma ka duba Status cikin menu.

Mataki na 4: Jona wayarka ta hannu da Wi-Fi na wannan ofishin, buɗe Chrome, rubuta adireshin. A Yealink da Fanvil, suna da kalmar sirri na asali duka admin ne. Canza shi nan take.

Mataki na 5: Shiga Account. A Register Name da User Name rubuta 101, a Password sa kalmar sirrin da ka ba 101, a Server Host sa adireshin PBX, Port kuma 5060. Ajiye. Idan ka ga Registered, ta hau.

Mataki na 6: Saita agogo kan GMT+1, in ba haka ba tarihin kira zai riƙa nuna lokacin wata ƙasa. Sannan gwada: a FreePBX danna *43, ka yi magana, muryarka za ta dawo maka.

Amfani na yau da kullum

Hold na dakatar da mai kira ba tare da an katse shi ba. Transfer na miƙa shi ga wani. Ya fi kyau ka danna Transfer, ka kira 102, ka ce wa akanta "Malam, ga wani manomi daga Kunya yana tambayar rasit", sannan ka sake danna Transfer. Haka ba za a jefa baƙo inda babu kowa ba. DND kuwa na hana kira shigowa. Idan aka ce wata waya ta daina ƙara, shi za ka fara dubawa. Wanda ba ya zama a tebur zai iya sauke Zoiper ko Linphone a wayarsa ta Android, ya samu tasa lambar cikin.

Kiran waje da lissafin data

Kiran layukan GSM ana iya yin sa ta layin SIP trunk daga kamfanin da NCC ta ba lasisi, kuma nan ne intanet ke shigowa. Haka ma idan maigida yana da shago a kasuwar Dawanau yana so a haɗa shi da ofishin. Kodek ɗin G.711 na cin kusan MB 1.3 a minti ɗaya idan aka haɗa zuwa da dawowa, G.729 kuwa bai kai rabin MB ba. A awa guda, kusan MB 78 ke nan da MB 28. A cikin gida bar G.711, ya fi fitar da murya. Sauri ba shi ne matsala ba, tsayuwar sabis ce: idan jinkiri ya wuce milisakan 150, za ku fara hawa kan maganar juna.

Idan ta ƙi aiki

Register Failed: duba kalmar sirri da adireshin PBX. Kana jin mutum shi ba ya jinka: shiga rawuta ka kashe SIP ALG. Murya na yankewa: wataƙila wani na sauke bidiyo, kunna QoS domin murya ta sha gaba.

Gargaɗi

Akwai ɓarayin da aikinsu dare da rana shi ne laluben PBX masu raunin kalmar sirri. Idan suka shiga, sai su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗin ofishin, kuma sunanka ne zai ɓaci, tunda kai ka haɗa. Kada ka buɗe Port 5060 ga duniya, haɗa reshe ta VPN, kuma rufe kiran ƙasashen waje idan ba a buƙatarsa.

Idan kebul zai ƙetara daga gini zuwa gini, sa na waje cikin bututu tare da makarin tsawa, domin tsawar damina guda na iya ƙona suwic. Da hunturu kuma a riƙa kaɗe masa ƙura. Sannan a ajiye wayar hannu ɗaya mai caji a ofis saboda kiran 112 ranar da batir ya ƙare.

Fara da waya biyu da tsohuwar kwamfuta a ɗakinka. Idan 101 ta kira 102, sauran maimaitawa ne. Sai mun haɗu a darasi na gaba.