Tsohuwar Manhaja Ma Tana da Haƙƙi a Kasafin Kuɗi

A 2015 ne gwamnatin Kaduna ta koma asusun bai-ɗaya, ta kuma yi dokar kafa KADGIS don a shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Manhajar da aka girka a wancan zamani, ta ma'aikata ce ko ta kantin magani a titin Ahmadu Bello, yau ta kai shekara goma. Mu masu gyaranta mun san kamanninta: kwamfuta guda a lungun ofis, an liƙa mata takarda cewa kada a kashe, wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da barin gari, ba wanda ya san inda asalin rubutunta yake. Matsayina shi ne duk shekara a ware mata kuɗin kulawa, kamar yadda ake ware wa janareta kuɗin sabis.

Shugaban ofis zai ce tana aiki lafiya, a bar ta. Ai ba ita kaɗai take tsaye ba, ta dogara ne da tsarin Windows da take gudana a kansa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, don haka ɓarakar da aka gano bayan nan takan zauna a buɗe. A Mayun 2017 harin kwamfuta na WannaCry ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali an fitar da facin ɓarakar tun watan Maris, ba a ɗora ba.

Wani kuma zai ce a watsar da ita a sayi sabuwa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Tsohuwar manhaja tana ɗauke da ƙa'idojin da ba a rubuta su ko'ina ba: yadda ake lissafin ragi, yadda ake shigar da wanda ya biya rabi, yadda ake soke rasit. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanansa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018, mutane suka yi makonni suna fama da asusunsu. Shi ya sa kafin a taɓa komai sai a zauna da akawu da kashiya a rubuta abin da manhajar ke yi, a tanadi gwajin da zai tona idan lissafi ya sauya. Sannan a riƙa sauya ɓangare ɗaya-ɗaya, tsohon da sabon suna tafiya tare har alƙalumansu su daidaita a ƙarshen wata. Kwafin ajiyar bayanai kuwa, a gwada dawo da shi a wata kwamfutar duk wata uku.