DARASIN UWARGIDA: Lissafin Guzuri Kullum a Tafiyar Umra da Hutu

 

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wadda Allah Ya hore wa tafiya wata ƙasa, ko Umra ce, ko hutu ne da maigida da yara a Dubai ko Alƙahira. Zan fi yin misali da Umra domin ita ce tafiyar da aka fi yi a cikinmu, amma ƙa'idar ɗaya ce ko ina aka nufa.

Sanin kowa ne cewa mace kan bar gida da guzurin da ya isa, amma kafin a yi rabin kwanakin sai ki ji tana cewa, "Ni wallahi ban san inda kuɗin nan suka shiga ba." Ba sata aka yi mata ba, ba ta kuma sayi wani babban abu ba. Riyal biyar nan, riyal goma can, shi ke nan. Daga nan sai hankali ya rabu biyu: jiki yana gaban Ka'aba, zuciya tana wajen wanda za a buga wa waya ya turo kuɗi. Maganin wannan abu ɗaya ne, kuma ba shi da wuya: ki rubuta abin da kika kashe kullum kafin ki kwanta.

Matsayin abin a addini

Wata za ta ce ai tafiyar ibada ba a yi mata ƙididdiga, Allah ne Mai ciyarwa. Gaskiya ne Allah ne Mai ciyarwa, amma Shi ne kuma Ya yi umarni da yin guzuri a Suratul Baƙara, aya ta 197. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa wasu mutanen Yaman ne suke zuwa Hajji ba guzuri da sunan tawakkali, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane, shi ne ayar ta sauka. Kin ga ke nan wadda ta zo da guzuri ta watsar da shi a mako ɗaya, ta koma roƙon abokan ɗaki, ita ma can ta ƙare inda suka ƙare.

A Suratul Furƙan, aya ta 67, an siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayawa tsakiya wajen ciyarwa, ba ɓarna ba ƙwauro. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an yi hani mai tsanani a kan almubazzaranci. Haka nan Imamut Tirmizi ya ruwaito cewa dukiya tana cikin abubuwan da za a tambayi bawa ranar Alƙiyama, ta ina ya samo ta, kuma ta ina ya kashe ta. To wadda ba ta iya faɗin inda riyal 200 na jiya suka tafi, ya kamata ta tsaya ta yi wa kanta hisabi tun a nan.

Ki fara sanin kuɗin ƙasar

Tun 1986 riyal na Saudiyya yake ɗaure da dalar Amurka: dala 1 riyal 3.75 ce. Ma'ana dala 100 riyal 375 ce, sai ɗan abin da mai canji zai rage na ribarsa. Idan an ba ki abin da ya yi ƙasa da haka sosai, matsa gaba. Dirhamin Dubai ma haka yake, dala 1 tana daidai da dirhami 3.67. Naira ce take hawa da sauka. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan an sake ta a watan Yunin shekarar, sai da ta haura 1,500 a 2024. Saboda haka kada ki yi lissafi da labarin Hajiyar da ta je shekaru biyar da suka wuce. A shafin farko na littafinki, rubuta naira nawa kika sayi riyal ɗaya. Duk abin da ya ba ki sha'awa a shago, ki buga shi da wannan adadin, sai ki ji ko har yanzu yana da araha.

Abu na biyu, Saudiyya tana karɓar harajin saye na kashi 15 cikin 100 tun watan Yulin 2020, za ki gan shi rubuce a jikin rasit. Na uku, wasu shaguna suna rubuta farashi da lambobin Larabci. Ɗalibar Islamiyya ba baƙuwarsu ba ce, domin su ne lambobin ayoyi a cikin Mus'hafi. Ki dai tuna cewa wanda ya yi kama da sifiri (٥) biyar ne, ɗigo (٠) kuma shi ne sifiri. Da yawa sun ɗauki kayan 50 suna zaton na 5 ne, kunya ta hana su mayarwa.

Rabon guzuri tun daga gida

Kafin ki raba, ki tambayi kamfanin da ya shirya muku tafiya abin da kuɗinku ya ƙunsa, dalla-dalla. Akwai abinci a masauki? Sau nawa a rana? Motar Makka zuwa Madina tana ciki? Ziyarar Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini fa? Tsakanin masauki da Harami tafiyar ƙafa ce ko sai an hau mota? Duk abin da ba ya ciki, daga lalitarki zai fito.

Ga misali, kuma misali ne kawai, kowa ta sa nata adadin. A ce guzurinki dala 800 ne, wato riyal 3,000, tafiyar kuma ta kwana 14 ce:

1. Kuɗin ko-ta-kwana: riyal 450
2. Tsaraba: riyal 900
3. Sadaka: riyal 150
4. Ziyara da doguwar mota: riyal 380
5. Hidimar yau da kullum: riyal 1,120

Idan kika raba 1,120 gida 14, kowace rana ta tashi da riyal 80. Wannan 80 ɗin ita ce sandar awonki. Ki sa kowane kaso a ambulan ɗinsa, ki rubuta suna a baya. Da safe ki zari kuɗin ranar kawai ki sa a ƙaramar jaka, sauran su zauna a kulle. Abin da ba ya hannunki ba za ki kashe shi ba, ga shi kuma in jaka ta faɗi a cunkoson ɗawafi, asarar yini ɗaya ce.

Kuɗin ko-ta-kwana kada a taɓa su don abaya ta yi kyau. Mu mata muna da larurorin da maza ba su da su. Al'ada tana iya zuwa kafin a yi ɗawafi, a ƙara kwana. Ƙafa tana iya kumbura a nemi mai tura keke a ɗawafi da sa'ayi. Ana iya yin kuskuren da zai jawo fidiya ko yanka, kamar wuce miƙati ba harami. Jirgi ma yana iya ɗaga tashi. In an dawo da su lafiya ba a taɓa ba, alhamdu lillahi, cefanen makon farko ya samu.

Minti goma bayan Isha'i

Nan ne zuciyar darasin. Ƙaramin littafin rubutu da biro sun isa. Wadda ta saba da waya tana iya rubutawa a ciki, sai dai littafi ba ya mutuwar caji. Ki ware wa kowace rana shafinta. Da rana duk rasit ɗin da aka ba ki ki jefa a jaka, abin da ba shi da rasit, kamar kuɗin tasi, ki rubuta nan take. In an dawo daga Isha'i, kafin hira ta ɓarke a ɗaki, ki zauna ki haɗa. Ga yadda shafi zai kasance (farashin na misali ne):

Rana ta 3, Makka. Kason yau: 80
Karin kumallo 10
Abincin rana 22
Abincin dare 18
Shayi da ruwa 6
Tasi 15
Wanki 10
Lemo da kayan ƙwalama 12
Jimla: 93. An zarce da 13.
Kason gobe: 67.

Ki lura da layi biyun ƙarshe, don su ne amfanin aikin duka. Abin da kika zarce yau, gobe za ta biya shi. Abin da kika rage yau, ki ƙara wa gobe ko ki tura wa tsaraba. Bayan haka ki ƙirga abin da ya rage a jaka ki gwada da abin da ke rubuce. In sun saɓa, ki rubuta bambancin da sunan "ban tuna ba". Ranar da wannan layin ya fara girma, kin san hannunki ya fara sakewa.

Bayan kwana uku ko huɗu littafin zai nuna miki ta ina ruwa yake yoyo. Galibi wurare uku ne: tasi, musamman daf da sallah da bayan an idar, lokacin da direbobi suke tsawwalawa, cin abinci a shagunan da ke jikin Harami, irin na Hasumiyar Agogo, inda kuɗin haya yake hawa kan farashi, sai kuma 'yan saye-sayen hanya, carbi yau, turare gobe, kwalli jibi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: a fita da wuri a taka da ƙafa ko a bi motar masauki, a yi ciniki da mai tasi kafin a shiga, a haɗa kai da abokan ɗaki a sayo burodi da madara da 'ya'yan itace a babban kanti irin Bin Dawood, a kuma riƙe gora a riƙa ɗiban Zamzam, wanda kyauta yake a masallatan biyu.

Wadda take amfani da katin banki ta ƙara kula, domin kati ba ya nuna raguwa kamar yadda ambulan yake nunawa. Duk abin da aka cira da shi ya shiga littafi a ranar. Idan na'ura ta ba ki zaɓin kuɗin da za a cira da shi, ki zaɓi na ƙasar da kike, don canjin da na'urar take yi da kanta ya fi tsada.

Saƙo da rance

Kuɗin saƙo amana ne. Gwaggo ta ba ki riyal 300 ki sayo mata darduma da turare, to waɗannan ba guzurinki ba ne ko da kin shiga matsi. Ki ba su ambulan dabam da shafi dabam: sunan mai saƙo, abin da ta bayar, abin da aka saya, canjin da ya rage. In kin ga saƙonni za su fi ƙarfinki, ki ba da haƙuri tun a gida, ya fi a dawo ana ƙananan maganganu.

Rance tsakanin abokan tafiya shi ma a rubuta shi komai ƙanƙantarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara ta 282, a kan rubuta bashi ta sauka. Akwai kuma wani kuskure da ya yawaita: "Hajiya ba ni riyal 200, in mun koma in ba ki naira kaza." Wannan canji ne da jinkiri, alhali sharaɗin canjin kuɗi da kuɗi shi ne hannu da hannu a zama ɗaya. Mafita biyu ce. Ko ki tura mata nairar ta waya nan take kuna zaune, ko kuma ya zama rancen riyal, ki biya riyal. In ranar biya ta zo kuka yarda a biya da naira, sai a yi a farashin wannan ranar, a kuma kammala kafin ku rabu.

Tsaraba

Tsaraba kyakkyawar al'ada ce, tana ƙara zumunci. Amma ba ta cikin rukunan Umra, kuma babu wadda Umrarta ta ragu don ba ta kawo wa dangi jallabiya ba. Ki rubuta sunayen waɗanda za ki yi wa tun daga gida, ki sa adadi a gaban kowane suna. Ki jinkirta sayayya zuwa kwana ukun ƙarshe, lokacin kin zaga kin san farashi, kin kuma ga abin da littafi ya rage miki. Dabino a saye shi a Madina da kilo, a zo gida a ƙulla. Kada ki manta da awo: ki san kilo nawa tikitinki ya ba ki, domin kuɗin nauyin kaya a filin jirgi yana iya fin kuɗin kayan kansu. Kada kuma ki dubi akwatin maƙwabciyarki, ba ki san da nawa ta zo ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Tsakaninki da maigida

In tare kuka tafi, ku zauna tun kafin tashi ku yarda a kan kason kowace rana, mutum ɗaya kuma ya riƙe littafin. Yara ma a gaya musu abin da kowa zai samu a rana, sai ki ga rigimar "Umma saya min" ta ragu, sun kuma koyi darasi. Dukiyarki ta kanki taki ce, Musulunci ya ba ki ikon sarrafa ta. Amma abin da ya danƙa miki na hidimar iyali amana ce, kuma babu abin da yake ƙara wa mace daraja a idon mijinta kamar ta dawo ta ajiye masa lissafi tsaf, ga abin da aka kashe, ga canji.

Aikin gida

Hannun da bai saba rubutu a gida ba, ba a Makka zai fara ba. Saboda haka ko da ba ki da niyyar tafiya bana, ki ɗauki mako ɗaya ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki na cefane, har kuɗin ashana. Ranar bakwai ki haɗa jimla, ki ja layi a ƙarƙashin abu uku da suka fi cin kuɗi. Shugabannin rassa suna iya sa wannan cikin ta'alimin mako, a tattauna abin da kowa ta gano.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya tsare mu daga bashi da almubazzaranci. Waɗanda ba su je ɗakinSa ba Ya kira su, waɗanda suka je Ya karɓa Ya maimaita musu. Sai mun haɗu a darasi na gaba in Allah Ya kai mu.